Ƙwaro a cikin ƙaro: nazarin lamarin Archaeotinodes na gaɓar Tekun Baltik

Gutsuren ƙaro ne da ya zama dutse, bai wuce girman dabino ba, launinsa kamar zuma, an goge gefensa ɗaya ya yi sumul. Idan aka ɗaga shi ga haske sai a ga wani ɗan ƙwaro a tsakiya, tsawonsa kamar ƙwayar shinkafa, ya kifa fikafikansa a bayansa kamar jinkar ɗaki. Da ido kawai za a ce faɗa-wuta ce. Sai an sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma sannan a ga babu wannan garin da faɗa-wuta kan bar wa mutum a yatsa. Abin da ya rufe fiffiken gashi ne ƙanana a kwance, wasu ma sun tsinke suna nan gefe, daidai inda suka zuba lokacin da ƙwaron yake mutsu-mutsun ƙwatar kansa. Wannan mutsu-mutsu ya faru ne sama da shekara miliyan 34 da suka wuce.

Sunan da masana suka ba shi Archaeotinodes. Babu irinsa ko ɗaya da ya rage da rai a yau. Duk abin da aka sani game da shi daga irin waɗannan gutsattsarin aka samo, kuma kaso mai yawa na sanin ya dogara ne a kan aikin wani malamin makaranta na birnin Hamburg da ya wallafa a 1912.

Wane irin ƙwaro ne

Rukuninsu ana kiransa Tirikoptera, daga kalmomi biyu na Girkanci masu nufin gashi da fiffike. A nan za mu riƙa ce musu masu gashin fiffike. Akwai sama da nau'i 14,000 da aka rubuta sunayensu a cikin masu rai, kuma 'yan uwansu mafi kusa su ne faɗa-wuta da malam-buɗe-littafi. Baligin ba ya daɗewa a duniya, yana ɓuya da rana a jikin ganye ko ɓawon itace kusa da ruwa, da magariba ya fito neman abokiyar barbara. Yawancin rayuwarsa a ruwa yake yin ta, yana tsutsa.

Tsutsar ce ta yi suna. Tana fitar da zare daga bakinta, zaren da yake kama abu ko a cikin ruwa. Wasu suna ɗinka wa kansu kube da yashi ko tsinkayen itace su riƙa yawo da shi. Akwai waɗanda ake kira Helicopsyche, masu murɗa kuben yashinsu kamar katantanwa, har masanan farko suka ɗauka dodon koɗi ne suka ba shi suna a cikin dodannin koɗi. Wasu kuma ba sa ɗaukar gida, raga suke saƙawa tsakanin duwatsu su zauna jiran abin da ruwa zai kawo. Kowane dangi da irin ruwan da yake so: wannan sai ƙorama mai sanyi mai gudu, wancan sai tafki kwantacce. Don haka ne masu auna lafiyar koguna suke ƙirga su, don haka ne kuma wanda ya tsinci baligi a cikin dutse zai iya cewa wani abu game da ruwan da ya ƙafe tun kafin a yi mutum.

Ƙaron da ya zama dutse

Duk wanda ya tashi a karkara ya san ƙaro, ya kuma taɓa ganin tururuwa ta maƙale a ciki. Amma ƙaro iri biyu ne. Na dakwara yana narkewa a ruwa, shi ya sa ake sa shi a tawada, kuma ba zai kai ko'ina ba a cikin ƙasa mai damshi. Irin na maje ko na hano, wanda ake turare da shi, ruwa ba ya narkar da shi. Irin wannan na biyun ne, idan laka ta binne shi ta raba shi da iska, yake ƙara tauri a hankali har ya koma abin da Larabawa suke kira kahraman, wanda ake yin carbi da tsakiya da shi. Ba shi da nauyi, yana tasowa sama a ruwan da aka cika wa gishiri. Idan aka goga shi a tufa yana jan ƙananan abubuwa. Girkawa elektron suke ce masa, kuma daga nan ne aka samo kalmar da ta zama lantarki a bakinmu, daga nan ne kuma sunaye da yawa na ƙwarin da aka samu a cikinsa suke farawa da Electro.

Kahraman ɗin da muke magana a kai na yankin Baltik ne. Matattararsa ita ce wani zirin ƙasa mai suna Samland, wanda a da yake cikin Prussia ta Gabas ƙarƙashin Jamus, yanzu kuma yake cikin lardin Kaliningrad na Rasha, tsakanin Poland da Lituweniya. A can akwai wani shimfiɗin laka da Jamusawa suka raɗa wa suna shuɗiyar ƙasa, ko da yake launinta ya fi kama da kore mai duhu. Lakar ta ƙarƙashin tsohon teku ce. Ke nan ba a wurin itatuwan suka tsiro ba, koguna ne suka kwaso ƙaron daga daji suka zube shi a bakin teku. Ana haƙarsa har yau a garin Yantarny, wanda a da ake kira Palmnicken. Shekarunsa kuwa an daɗe ana ja-in-ja a kai. An fi sanin adadin miliyan 44, binciken baya-bayan nan ya fi karkata zuwa tsakanin miliyan 34 da 38, duka dai a cikin zamanin da ake kira Iyosin, lokacin da Turai take da ɗumi sosai fiye da yanzu.

Itacen da ya zubar da ƙaron ma ba a gama shari'arsa ba. Hugo Conwentz a 1890 ya ce wani nau'in itacen fain ne, wato itace mai ganye kamar allura. A 2009 Alexander Wolfe da abokan aikinsa suka kawo hujjar sinadari cewa ya fi kama da dangin Sciadopitys, itacen da a yau Japan kaɗai ya rage a matsayin ɗan ƙasa.

Daga likitan Danzig zuwa malamin Hamburg

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara tara waɗannan ƙwari da niyyar ilimi sosai shi ne Georg Carl Berendt, likita a Danzig, birnin da yanzu ake kira Gdansk. Ya raba kayansa ga masana kowa da fanninsa. Masu gashin fiffike suka faɗa hannun François Jules Pictet na Janeba da Hermann Hagen na Königsberg, aikinsu ya fito a 1856. A cikin abin da suka gani akwai wasu ƙanana da suka yi musu kama da Tinodes, wani gida na masu gashin fiffike (gida shi ne rukunin nau'o'i makusantan juna) da har yau yake cike a rafukan Turai. Sai suka zuba su a wannan gida. Ba laifinsu ba ne, samfuran da ke hannunsu kaɗan ne.

Abin da ya sauya lamarin kasuwanci ne. Kamfanin Stantien da Becker ya shiga haƙar kahraman gadan-gadan daga shekarun 1860, har gwamnatin Prussia ta saye harkar a 1899. Tan-tan ake fitarwa, kuma a wurin tantancewa akan ware duk gutsuren da aka ga wani abu a ciki. Richard Klebs, masanin da ya yi aiki da kamfanin, ya tara dubbai. Jami'ar Königsberg ita ma ta tara nata har ya haura guda 100,000.

Georg Ulmer, wanda aka haifa a 1877 ya rasu a 1963, koyarwa yake yi a makaranta a Hamburg, nazarin ƙwarin ruwa kuma a lokacin da ya samu sarari. Duk da haka a zamaninsa da wuya a samu wanda ya fi shi sanin masu gashin fiffike na duniya, domin daga Afirka da Asiya da Amurka ta Kudu ake aiko masa da su ya tantance. Wannan ya yi masa rana. Da aka tura masa na cikin kahraman, ya duba gutsure sama da 5,000, ya fitar da nau'i 152 a cikin gidaje 56, a littafin da aka buga a Königsberg a 1912. Mutumin da bai san ƙwarin ƙasashen zafi ba da bai gane rabin abin da ke gabansa ba.

Yadda ake gane su aiki ne na cin ido. Ana fara da jijiyoyin fiffike: ina ne wannan jijiya ta rabu biyu, rassa nawa suka kai baki. Sai a koma ƙafa a ƙirga ƙayoyin da ke ƙwauri, na gaba da na tsakiya da na baya. Tinodes yana da biyu, huɗu, huɗu, wani gidan mai suna Ecnomus kuma akasari uku, huɗu, huɗu. Ƙaya ɗaya tal a ƙafar gaba, wadda ba ta kai kaurin gashin ido ba, tana iya fitar da ƙwaro daga wannan gida ta kai shi wancan. Sai gaɓoɓin 'yan yatsun da ke gefen baki. Hukuncin ƙarshe kuwa a gindin namiji yake, domin kayan barbararsa kowane nau'i da irin ƙirarsa, kamar makulli da kuba. A ƙwaro mai rai sai a yanke gindin a jiƙa a juya shi yadda ake so. A cikin kahraman ba dama. Idan fiffike ya rufe wurin, shi ke nan. Idan kumfar iska ta tsaya a kai, shi ke nan. Akwai kuma wani farin hazo kamar madara da yake lulluɓe gefe ɗaya na ƙwarin Baltik da yawa, wanda ƙananan kumfa ne da suka taru lokacin da jikin yake ruɓewa. Sau da yawa ma abin da ake kallo ba jikin ba ne, rami ne mai siffar jikin da ɗan ɓawo a manne a bangonsa. Masu fatan a ciro ƙwayoyin gadon halitta (DNA) daga ciki a tayar da ƙwaron sai su haƙura: a 2013 an gwada a kan ƙudan zuma na cikin ƙaron da bai ma gama zama dutse ba, ba a samu komai ba.

Da Ulmer ya jera waɗancan ƙananan na Pictet da Hagen tare da sababbi, sai ya ga ba Tinodes ba ne. Ya buɗe musu gidansu, ya kira shi Archaeotinodes, wato Tinodes na dauri, ya zuba nau'i fiye da goma a ciki. Sunan ya ɗan yi ruɗi, domin a lissafin yau Tinodes yana dangin Psychomyiidae ne, shi kuwa Archaeotinodes yana dangin Ecnomidae (dangi shi ne rukunin gidaje makusantan juna). Dokar suna a kimiyya ba ta yarda a canza suna don ma'anarsa ta daina dacewa ba. Daga baya masanan Rasha Stanislav Melnitsky da Vladimir Ivanov sun ƙara wasu nau'o'in, har da na kahraman ɗin Rovno a Yukren.

Abin da ƙidayar ta nuna

A nan ne lamarin ya fi daɗi. Dangin Ecnomidae a Turai ta yau kusan babu su: nau'i biyu ne kacal na gidan Ecnomus aka sani a can. Cibiyarsu tana Afirka da kudancin Asiya da Ostareliya. Masu binciken Faransa da suka yi aiki a Tafkin Chadi sun sami tsutsar Ecnomus a cikin halittun ƙasan tafkin. Ke nan 'yan uwan wannan ƙwaro na cikin dutse sun fi yawa a Afirka fiye da Turai. Amma a dajin Baltik na wancan zamani, gida ɗaya na dangin yana da nau'i fiye da goma.

Ba su kaɗai ba ne. Ulmer ya sami Ganonema da Marilia da Triplectides da Stenopsyche, waɗanda danginsu a yau sai a Asiya ko Amurka ko Ostareliya ko Afirka. Ya sami Phylocentropus, wanda ya rage a gabashin Amurka ta Arewa da gabashin Asiya. Sannan ga abin da bai samu ba. Dangin Limnephilidae su ne suka mamaye tafkuna da kududdufan arewacin Turai a yau, duk wanda ya kunna fitila a bakin ruwa a Jamus zai gan su. A cikin gutsure 5,000 Ulmer bai ga ko ɗaya ba. Su masu son sanyi ne, kuma yaɗuwarsu ta zo ne daga baya.

Da a nan aka tsaya da sai a ce daji ne mai zafi, a rufe littafi. To amma a cikin kahraman ɗin akwai Rhyacophila da Wormaldia, waɗanda tsutsarsu sai ruwa mai gudu mai wadatar iska, irin na ƙoramar kan tudu ko idon ruwa. Akwai Lype, mai zama a kan ruɓaɓɓen itacen da ya faɗa rafi, wanda har yau yana Turai. Ulmer ya fassara wannan da cewa ƙasar tana da tuddai masu ƙoramu. Akwai wata fassarar da ba za a yar ba: ƙaron ya taru ne daga faffaɗar ƙasa, a tsawon lokacin da zai iya kai miliyoyin shekaru, koguna suka gauraya shi. Ƙwari biyu da suke kwance yau a akwati ɗaya a gidan adana kayan tarihi mai yiwuwa ba su taɓa shan ruwan rafi ɗaya ba. Shaidar zama tare da ba ta da ja ita ce a same su a cikin gutsure ɗaya.

Sai babbar matsalar. Fiye da rabin masu gashin fiffiken da ke cikin kahraman ɗin Baltik 'yan dangi ɗaya ne, Polycentropodidae, masu saƙa raga, musamman gidajen Plectrocnemia da Holocentropus da Nyctiophylax. Babu wani rafi a Turai ta yau da suke da irin wannan rinjaye. Ana iya cewa a da sun fi yawa, kuma wataƙila haka ne. Amma ƙaro tarko ne, kuma tarko yana da zaɓi. Yana kama ƙarami ya bar babba, domin babba yana da ƙarfin fizgewa. Yana kama mai sauka a jikin kututture ya bar mai kwana a ciyawa. Yana kama na rafin da ya ratsa ta gindin itatuwan ƙaron, ya bar na babban kogin da ke fili. A ganina duk wanda ya ɗauki wannan ƙidaya a matsayin hoton dajin gaba ɗaya ya yi gaggawa, kamar mai shiga kasuwar Dawanau ne ya ce ya san abin da ake nomawa a kowace gona. Abin da aka samu a ciki shaida ce tabbatacciya. Abin da ba a samu ba yana buƙatar a bi shi a hankali, kuma rashin Limnephilidae ya yi nauyi ne don ya dace da abin da sauran duwatsun wancan zamani suke nunawa.

Game da rayuwar Archaeotinodes a ruwa, daga danginsa ake kintata. Tsutsar Ecnomus ba ta ɗaukar kube. Tana saƙa wani ɗan bututu na zare a jikin dutse ko itace a tafki ko kogi mai tafiya a hankali, tana farautar ƙananan halittu. Mai yiwuwa haka kakanninsa na Baltik suka yi, amma da baligai aka kafa nau'o'in.

Tsutsa a cikin ƙaro

Ana samun tsutsar masu gashin fiffike a kahraman ɗin Baltik jefi-jefi, wasu har da kubensu. Wilfried Wichard na Jami'ar Cologne, wanda ya shafe shekaru da dama yana bin sawun aikin Ulmer, ya bayyana wasu daga ciki. Tambayar ita ce yadda halittar ruwa ta shiga ƙaron itace. Hanya ɗaya ita ce kududdufi ya ƙafe, tsutsa ta fito neman wani ruwan, ta taka ƙaron da ya zubo ƙasa. Hanya ta biyu Alexander Schmidt da David Dilcher ne suka nuna ta a 2007. Sun shiga wani daji mai fadama a Florida ta Amurka, inda itatuwan fain suke tsaye a cikin ruwa, suka ga ƙaro yana gangarowa daga rauni a jikin itacen ya shiga ruwa bai daskare ba. A waje iska takan busar da fatarsa da wuri. A cikin ruwa kuwa yana daɗewa da danƙo, ƙwarin ruwa suna iyo su buge shi su manne, sabon zubi ya rufe su.

Me ya ƙarar da su

A wajen shekara miliyan 34 da suka wuce duniya ta yi sanyi sosai, ƙanƙara ta lulluɓe Antatika, dazuzzukan ɗumi na arewacin Turai suka ja baya. Can daga baya, a cikin shekara miliyan biyu da rabi na ƙarshe, ƙanƙara ta sha saukowa ta niƙe yankin Baltik ɗin kansa. A gabashin Asiya da gabashin Amurka halittu sun sami hanyar gangarawa kudu su dawo. A Turai duwatsun Alps da Pyrenees da Bahar Rum sun gitta a hanya. Wannan shi ne bayanin da aka fi yarda da shi na dalilin da ya sa gidaje irin su Phylocentropus suka tsira a can suka ɓace a nan. Archaeotinodes bai tsira a ko'ina ba. Ƙaro ba ya nuna ranar da na ƙarshensu ya mutu, domin da dajin ya daina zubar da shi sai rajistar ta rufe.

Ɓata na biyu

A watan Agusta na 1944 jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa Königsberg ruwan bama-bamai, a Afrilun 1945 sojojin Tarayyar Sobiyet suka kama birnin, a 1946 aka sauya masa suna zuwa Kaliningrad. Kafin faɗuwarsa, Karl Andrée, shugaban sashen da ke riƙe da kahraman ɗin jami'ar, ya sa an kwashe mafi daraja a cikin akwatuna aka yi yamma da su, aka ɓoye a wata mahaƙar gishiri a Volpriehausen kusa da Göttingen. Waɗannan sun tsira, kuma tun 1958 suna hannun Jami'ar Göttingen, kimanin guda 18,000. Sauran, wato mafi yawa, sun tafi da yaƙin. Kayan Berendt sun yi sa'a, suna gidan adana kayan halitta na Berlin.

Ga mai nazarin ƙwari wannan ba asarar kaya kawai ba ce. Kowane sunan nau'i a ɗaure yake da samfur ɗaya na asali, wanda idan gardama ta tashi ake komawa a duba. Da yawa daga samfuran da Ulmer ya kafa sunaye a kansu ba a sake ganinsu ba. Yau idan wani ya sayi gutsure daga Yantarny ya ga Archaeotinodes a ciki, yana da kayan aikin da Ulmer bai yi mafarkinsu ba. Zai iya kai shi cibiyar binciken kimiyya ta DESY a Hamburg, garin Ulmer ɗin, a haska shi da hasken eksire mai ƙarfi, kwamfuta ta fitar da siffar gindin namijin ta kowane gefe, ta ratsa farin hazon da kumfar da fiffiken da ya rufe. Amma don ya san ko sabon nau'i ne ko ɗaya daga cikin na 1912, dole ya buɗe tsohon littafin ya ɗora hotonsa kusa da zanen da malamin ya yi da hannu, daga gefe ɗayan da ƙaron ya yarda ya nuna masa. Idan sun dace kuma na asalin ya tabbata ya ɓata, doka ta ba shi dama ya naɗa sabon gutsuren a matsayin magajin samfurin. Idan zanen bai nuna wurin da ake buƙata ba, sunan yana nan a rajista, ba a soke shi ba, ba a kuma iya liƙa shi a jikin kowane ƙwaro.